Darasi na Bakwai: Ciyawa a Gonar Barewa

A ƙasar Amurka akwai gonar da ba a girbe ta. Mai ita yakan share ɗan fili a tsakiyar daji, ya zuba taki, ya yi shuka, sannan ya bar wa barewa ta ci. Mafarauta ne ke yin haka, a jihohi irin su Jojiya da Alabama da Mishigan. Barewar can tana da farin gashi a ƙarƙashin wutsiya. Ƙahon namijin rassa-rassa ne, yana faɗuwa kowace shekara, wani sabo ya tsiro. Ta macen kuma tana haihuwa wajen watan Mayu da Yuni. Dukansu suna bukatar abinci mai gina jiki. Har ƙungiya gare su masu wannan harka, wadda aka kafa a jihar Karolina ta Kudu a 1988.

Abin da suka fi shukawa shi ne wata tsiro mai suna kuloba. Danginsu ɗaya da wake da gyaɗa. Ganyenta uku-uku ne. A saiwarta akwai 'yan ƙullutai, irin waɗanda kake gani idan ka tuge wake. Cikin ƙullutan nan wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska suna ba ta. Farar kuloba takan yi shekara uku zuwa biyar a wuri ɗaya idan ta samu kulawa.

To, ina matsalar take? Irin kuloba ƙanana ne ƙwarai, bai kai ƙwayar riɗi ba. Idan ya tsiro, makonnin farko duk a wajen kafa saiwa yake ƙarar da ƙarfinsa. Ciyawa kuwa ba ta jira. Kafin kuloba ta yi ganye uku, ciyawa ta rufe ta, ta tare mata rana, ta shanye laima.

Ciyayin ma ba baƙi ba ne a wurinmu. Akwai dangin harkiya. Akwai ƙiri-ƙiri. Akwai dangin alayyafo na daji, masu zubar da iri dubbai daga tushe ɗaya. Har aya ma, wadda muke saya da kuɗinmu mu yi kunu, a gonar kuloba ciyawa ce mai taurin kai.

Aikin kafin shuka

Yawancin yaƙin ana yin sa ne tun iri yana cikin buhu. Mai gona yakan fesa maganin gilayifoset, wanda ke kashe kusan duk wani koren tsiro. Ya jira mako biyu. Ya yi haro. Haron nan yana tono irin ciyawa da ke kwance a ƙasa, don haka sai ya sake jira ruwa ya sauka, sabuwar ciyawa ta fito, ya sake fesawa. Daga nan ba ya ƙara juya ƙasar. Ya daddale ta, ya watsa iri a sama, ya sake dannewa. Idan irin ya nutse fiye da rabin santimita, da wuya ya fito.

Lokacin shuka ma dabara ce. Masu gwaninta sun fi son ƙarshen zafi, daga Agusta zuwa Oktoba, gwargwadon jihar. A lokacin ciyawar zafi ta kusa mutuwa, sanyi zai ƙarasa ta. Kuloba kuwa tana jure sanyi. Sukan haɗa ta da alkama a shuka tare. Alkamar ta fito da wuri, ta cike gurbin da ciyawa za ta shiga, barewa kuma ta shagala da ita har kuloba ta kafu.

Sai taki. A nan mutane da yawa ke cutar kansu. Wanda ya zuba wa kuloba yuriya, ciyawa ya ciyar, domin kuloba tana samar wa kanta naitirojin. Ka dubi lambobi uku da ke jikin buhun taki. Takin kamfa da muka sani an rubuta masa 15-15-15. Lambar farko ita ce ta naitirojin. Masu kuloba suna neman buhun da ya fara da sifili, kamar 0-20-20. Suna kuma aika ƙasa a auna tsaminta. Ma'aunin da kuloba ke so shi ne 6 zuwa 7. Idan ya gaza haka sai a zuba garin farar ƙasa, shi kuma yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki.

Idan ciyawa ta riga ta fito

Kafin ka sayi magani, tsuguna ka dubi ciyawar. Kashi uku ce. Akwai mai siririn ganye, kamar harkiya. Akwai mai faɗin ganye, kamar alayyafon daji. Akwai dangin aya. Ka murza karan tsakanin yatsunka, idan ka ji kusurwa uku, dangin aya ne.

Mai siririn ganye ita ce mai sauƙi. Ana fesa mata kiletodim, a haɗa da wani mai da ke sa maganin ya manne a ganye. Ba ya taɓa kuloba. Amma yana da nawa. Mako guda zai wuce ciyawar tana nan kore shar, mutum ya ce an sayar masa da ruwa. Ka ja ganyen tsakiya. Idan ya zare cikin sauƙi, gindinsa ya yi ruwan ƙasa, to magani ya ci. Ka tuna alkama ma siririn ganye gare ta, za ta tafi tare da ciyawar. Aya kuwa ko a jikinta.

Mai faɗin ganye ita ce mai wuya, domin kuloba ma faɗin ganye gare ta. A nan ne karatu ke ceton gona. Karanta waɗannan sunaye biyu da ƙarfi:

2,4-D

2,4-DB

Harafi ɗaya ne ya raba su. Na farko, wanda aka saba fesawa a gonar masara da shinkafa, yana ƙone kuloba. Na biyu, mai harafin B, shi ake fesa mata. Dalili kuwa shi ne, idan ya shiga jikin ciyawa, ita da kanta take juya shi ya koma na farko, ya kashe ta. Kuloba ba ta iya juya shi sosai, sai ta tsira. Mai sayarwa yana iya miƙo maka na farko ya ce ai duk ɗaya ne. Kada ka yarda. Ka sa yatsa a kan galan, ka nemi B da idonka.

Ko mai B ɗin ma yana da sharaɗi. Sai kuloba ta yi cikakken ganye biyu ko uku, ciyawa kuma ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ciyawar da ta kai gwiwa ta fi ƙarfinsa. Kuma ba a feshi lokacin fari, domin tsiron da ya ƙeƙashe ba ya shan magani.

Ranar feshi ka sa safar hannu, da takalmi, da riga mai dogon hannu, ka rufe hanci. Kada ka fesa da iska. Ka wanke tankin sosai idan an taɓa zuba wani magani a ciki. Galan da ya ƙare kuma ba na ɗiban ruwa ba ne.

Yanka

Ni dai na fi ganin hikimar yanka. Ciyawa ta fi kuloba tsawo, to sai a yi amfani da wannan. A saita injin yanka ya bar kamar ɗani ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Ya sare kawunan ciyawa kafin su zubar da iri, ya wuce ta saman kuloba. Rana ta sake isa gare ta. Ba a yanka cikin tsananin zafi ko fari, domin inuwar ciyawar tana yi mata amfani a irin wannan lokaci. Idan filin ƙarami ne, cira da hannu ta isa.

Kuma ba kowace ciyawa ce abokiyar gaba ba. Barewa tana cin da yawa daga cikin masu faɗin ganye. Gonar da ke da ciyawa jefi-jefi ba ta lalace ba.

Wani lokaci ma ba laifin ciyawa ba ne. Barewa ce ta yi yawa, tana aske kuloba tun tana jaririya, ciyawa ta samu fili. Yadda suke ganewa shi ne su kafa ɗan keji na waya, faɗin mita ɗaya, a tsakiyar gonar. Bayan wata guda su gwada na ciki da na waje. Idan kulobar ciki ta yi tsawo, ta waje tana manne da ƙasa, to sai dai a ƙara faɗin fili.

Mai noman wake ko gyaɗa zai ga da yawan wannan a gonarsa. Amma kada ya ɗauki maganin kuloba ya fesa wa wake kai tsaye. Kowane magani da amfanin gonar da aka rubuta masa. A nuna wa malamin gona takardar tukuna.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: barewa, kuloba, ciyawa, saiwa, feshi.

Me ya sa ba a zuba wa kuloba yuriya?

Eka ɗaya tana cin irin kuloba kilo 2. Wani mafarauci yana da fili eka ɗaya da rabi. Kilo nawa zai saya?

Wani ya yi feshi ranar 3 ga wata. Zai jira mako biyu kafin haro. Ranar nawa ga wata zai yi haro?

Gobe kowa ya zo da ciyawa iri uku daga bayan gidansa, da saiwarsu. Wanda yake da buhun taki da ya ƙare, ya zo da shi mu karanta lambobin tare.