Man janareta da injin ban ruwa: yadda ake saye da yadda ake ajiya

Yawancin injinan da ake kawo mini shago da cewa sun ƙi tashi, babu abin da ya karye a cikinsu. In na kwance kabireta, sai in tarar wani danƙo ruwan goro ya toshe 'yar kafar da mai ke bi, kafar da ba ta fi tsinin allura ba. Aikin tsohon fetur ke nan. Fetur ba ya son zama. A zafin Kano na watan Afrilu, in ya yi wata ɗaya a tankin injin, sashensa mai saurin kamawa ya tsere da iska, abin da ya rage sai kauri da wani wari kamar na fenti.

Don haka ka sayi abin da za ka ƙone cikin mako biyu ko uku. Na san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane ke cika jarkoki don gudun ƙarin kuɗi, amma 'yar rarar da ka samu a lita, a hannun irina za ta ƙare.

Ka nemi gidan mai mai ciniki, inda mai ba ya daɗewa a ƙarƙashin ƙasa. In ka ga tanka tana sauke mai, wuce ka dawo anjima, don lokacin ne ruwa da laka na gindin tanki suke tasowa. Gidan mai ma ba kullum yake tsira ba. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima, motoci suka yi ta lalacewa. In dole ta kai ka wurin 'yan bumburutu, ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur zalla nan da nan yake bushewa ba tabo. In ya bar maiƙo, an sirka da kananzir ko gas. Ruwa kuwa, zuba man a kwalba mai haske ka bar shi minti biyar, za ka gan shi kwance a ƙasa.

Sai zancen haɗi, inda aka fi yin ɓarna. Ƙaramin janareta irin Tiger ba shi da ma'ajin baƙin mai, a cikin fetur yake samun abin da zai tsare fistan. Man da ake haɗa masa shi ne wanda aka rubuta 2T a jikinsa, ba baƙin man mota ba, balle wanda aka juye daga babur. Galibinsu 50 da 1 suke so, wato mililita 20 a lita ɗaya, 100 a lita 5, amma duba rubutun da ke kan tanki. Sirinjin kemis ya isa awo. A jarka za ka haɗa ka girgiza, sannan ka juye. In 2T ya yi yawa, ga hayaƙi ga fulogi ya yi baƙi; in ya gaza, injin ya yi nokin, wannan kuma ba gyaran dubu biyu ba ne. Injin ban ruwa da manyan janareta masu nasu wurin baƙin mai, fetur zalla suke sha, kada ka haɗa musu komai.

Jarka ta zama ta fetur kaɗai, mai murfi da roba a ciki. Kada ka cika ta maƙil, bar kamar yatsu uku a wuya, don mai yana kumbura da zafi. In za a zuba maka, sauke ta ƙasa, kada a zuba tana kan babur ko cikin but. Robar lemo da ta ruwan sha ban yarda da su ba ko na kwana ɗaya, musamman a gidan da ke da yara. Wurin ajiya ya zama inuwa mai shan iska, nesa da madafa da ɗakin kwana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tarar da garwashin da ke can gefe. Shi ya sa kuma ba a ƙara mai injin yana aiki. Kashe shi, ka ba shi minti goma ya huce, ka haska da tocila.

Manoman rani na Kura da Kadawa su ne suka fi shan wannan wahala, don injin yakan kwanta duk damina. Ranar ban ruwan ƙarshe, rufe makullin mai injin yana aiki, ka bar shi ya mutu da kansa. Juye na tanki a jarka ka ƙone shi a babur. Akwai wani ɗan noti a gindin kofin kabireta, sassauta shi sauran ya tsiyaye, ka ɗaure. Cire fulogi, ɗiga baƙin mai rabin cokalin shayi a ramin, ja igiya a hankali sau biyu, ka mayar. Ka kuma buɗe toshiyar ƙasan famfon don ruwan ciki ya fita, sannan ka ɗora injin a kan katako ka rufa masa buhu.