Yadda ake sayar da tsohuwar ƙaramar mota ga masu tara motocin da

A gidaje da dama a Bauchi, daga Jahun zuwa Fadaman Mada, akwai motar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Galibi ɗaya ce daga cikin ukun nan: Volkswagen Beetle da ake kira kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ko Peugeot 504 ta kamfanin PAN na Kaduna da shi ma ya fara aiki a 1975, ko Datsun 120Y ta tsakanin 1973 da 1978. Da yawansu motocin malaman makaranta ne da ma'aikata, kuma yawancinsu samfurin ƙasa ne, wato mafi araha a jerin irinsu: babu na'urar sanyaya ciki, babu ado, kushin na roba, wili na ƙarfe.

Ɗan gwangwan zai saye ta da nauyinta. Mai tara motocin da kuwa abin da yake biya kuɗi a kai shi ne yadda motar ta fito daga kamfani. Samfurin ƙasa shi ne wanda aka fi yi wa wulaƙanci, an yi tasi da shi, an ɗauki buhunan masara, an yanka shi an sayar da kayansa, don haka wadda ta tsira da kamanninta ta yi ƙaranci. Duk abin da za ka ƙara mata don ta yi kama da babbar yayarta, wato samfuri mai tsada, rage mata daraja yake yi.

Takardu kafin sifana

Kada ka kira bakanike sai ka san motar ta wa ce a takarda. Idan ta gado ce, a raba gado tukuna, ko magada duka su sa hannu a takardar amincewa a gaban shaidu, zai fi kyau a kotu. Mai saye daga Abuja ko Kaduna ba zai tura kuɗi ba muddin akwai ɗan'uwa guda da zai iya tasowa daga baya ya ce bai sani ba.

Tattara duk abin da ke akwai: rasidin saye na farko, tsofaffin lasisin mota, takardar shaidar mallaka, littafin sabis, littafin jagora da ke zuwa da mota, har takardar bashin mota idan gwamnati ce ta ba mai ita. Datsun shigo da ita aka yi, to takardar kwastan tana da amfani idan tana nan. Tsohuwar lamba mai farawa da BA kada a yar, ko da an yi sabuwa, a sa ta a but. Motar Gombe da aka yi wa rajista kafin 1996 takardun Jihar Bauchi za ta ɗauka, wannan ba matsala ba ce, sai dai a bayyana wa mai saye.

Sannan ka gwada lambobin da ke takarda da na jikin mota. A kunkuru lambar cesis tana ƙarƙashin kujerar baya, an buga ta a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar mota, lambar inji kuma tana ƙasan ƙafar da ke riƙe da dainamo. A Fijo da Datsun duba farantin da ke cikin gidan inji. Goge wurin da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Kada ka sa takardar yashi ko giranda, domin lambar da ke da alamar gurza tana sa a yi zargin sata. Motocin da aka ƙera kafin 1981 lambarsu ba ta kai haruffa 17 na zamani ba, don haka kada wani ya tsorata ka da cewa ba ta cika ba. Idan an taɓa canza inji, faɗi haka tun farko.

Abin da ba a taɓawa

Nan ne mafi yawan mutane ke yin asara da kuɗinsu. Mutum zai kai motar wurin mai fenti, a shafe ta da fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da ramin tsatsa da shi, a fesa mata ja mai ƙyalli har kan robar gilashi, a sa mata wilin alminiyom da fitilun zamani, a ɗinka sabon kushin mai fulawa, sannan ya yi mamakin masu saye suna kallo suna wucewa. Wanda ya san mota, da ya ga sabon fenti tambayarsa ɗaya ce: me aka ɓoye? Zai naɗe maganaɗisu a ƙyalle ya bi ƙasan ƙofofi da kewayen taya, duk inda ya ƙi kamawa fila ce. Fentin kamfani da rana ta cinye ya fi masa, domin yana ganin gaskiyar ƙarfen.

Wanki kawai take buƙata, da sabulun mota da ruwa mai yawa. Garin sabulun wanki yana ƙara busar da fenti da roba. Gwada man gogewa a wuri ƙarami, kamar ƙasan murfin but. Ƙyallen zai ɗauko launin motar, wannan dabi'ar fentin da ce, amma kada a matsa a gefuna, nan da nan ake isa ga ƙarfe. Dashbod da ya tsage a bar shi a tsage. Sitiyari, rediyon asali ko murfin da ke rufe gurbinsa, murafun wili, jak, safaya, tambarin baya, sitikar dila a gilashi, duk a bar su inda suke. Ƙananan abubuwan nan su ne masu wuyar samu, inji kuwa ana samu.

A 504 akwai abin lura. Samfurin L da ya fito a 1973 injinsa 1796cc ne, gatarin bayansa sanda ɗaya ne, dashbod ɗinsa ma daban yake da na GL mai 1971cc. Liƙa mata tambarin GL ba ya yaudarar kowa, leƙawa ɗaya a ƙarƙashi ta isa.

Busasshiyar iskarmu tana taimakon ƙarfe, wannan abin talla ne ga mai saye daga Legas. Amma ɗaga tabarmar ƙasa ka duba, domin ruwan damina yana shiga ta robar gilashi da ta bushe ya kwanta a ciki. A kunkuru duba ƙarƙashin batir, a ƙasan kujerar baya, inda ruwan batir ke cinye bene, da doguwar hanyar iska da ke bin ƙasan ƙofofi. A Fijo duba ƙasan ƙofofi, benen but da kewayen gilashin gaba.

Tayar da injin da ya daɗe a kwance

Motar da ke tashi ta fi wadda ba ta tashi kuɗi nesa ba kusa ba, amma kawo batir a murɗa makulli kai tsaye shi ke kashe injin da yake da rai. A cire fulogi huɗun, a zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, a bari kwana biyu, sannan a juya injin da hannu ta kan fuli. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri, kada a ja motar a saka giya, ringi ne zai karye. Idan ya juya, a canza baƙin mai, a zubar da tsohon fetur da ya koma kamar ƙaro, a ba kafireta mai daga galan mai tsabta da sabon tiyo. A buga kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da su.

Kunkuru iska ke sanyaya ta, don haka kafin a tayar a zura hannu bayan gidan fanka a ciro sheƙar ɓera. Tsumma da ɓawon gyaɗa da ke toshe wurin suna iya ƙona inji cikin ɗan lokaci. Baƙin manta lita 2.5 ne, ba ta da filta sai rariya da ake wankewa. Tazarar bawul 0.15mm ce inji na sanyi, ta kwantak 0.4mm. Kama fulin ƙasa ka tura ka jawo: idan ka ji yana ƙwanƙwasa a hannunka, injin ya gaji, kuma mai saye zai yi wannan gwajin. Tabbatar faifan ƙarfen da ke kewaye da inji da robarsu suna nan, an saba cire su a yar, alhali su ke hana zafin salansa komawa cikin fanka. A rufe kan batir, domin wayoyin kujerar baya suna taɓa shi su ta da wuta.

Injin 504 hannun rigar silindarsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke zirya a ciki, cirewa ake yi. Idan bakanike ya ɗaga tof silinda sannan ya juya inji bai danne su ba, za su ɗaga, abin da ke tare ruwa a ƙasansu ya lalace, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Idan babu dole, kada a buɗe.

Birki kuwa a gyara shi ya kama, a canza mansa da robobin da suka bushe. Iyakar kashe kuɗi ke nan: ta tashi, ta tsaya. Sauran gyara na mai saye ne, ya fi so ya yi da hannun wanda ya yarda da shi.

Farashi da talla

Fara da jin abin da ɗan gwangwan da mai sayar da kayan gyara za su bayar, wannan ne ƙasan farashi. Sannan duba irinta a shafin saye da sayarwa na Jiji da kuma Facebook, kana sane cewa kuɗin da aka rubuta na nema ne, ba wanda aka sallama ba, kuma tallar da ta wata shida ba a saya ba ta yi tsada. Kada farashin Turai ya ruɗe ka. Manyan kuɗin da ake gani a intanet na 504 mai ƙofa biyu ne ko mai buɗaɗɗen sama, ko kunkuru mai rababben gilashin baya ta kafin 1953. Taka ba ita ba ce.

Ɗauki hoto kamar talatin da sassafe, ranar da babu hazo: kusurwa huɗu, ciki, inji, but, ƙarƙashi, da duk inda ya yi tsatsa. Yi bidiyon tayar da ita da sanyin safiya, ka fara da ɗora hannu a kan inji don a ga ba a ɗumama shi ba, ka nuna hayaƙin salansa. A hoton takardu rufe adireshi da rabin lambobi. Rubuta shekara, samfuri, hannu nawa ta bi, shekara nawa ta yi a ajiye, abin da aka canza da abin da ba ya aiki. Kada ka rantse da abin da mita ta nuna, mitocin da masu lamba biyar suna komawa sifili.

Tura tallar a rukunonin masu sha'awar tsofaffin motoci, kuma ka sanar da tsofaffin bakanikan Fijo da na kunkuru, su ne ake fara tambaya. Idan dillali zai shiga, a yanke la'ada tun farko, kuma ka yi magana da mai saye da bakinka, in ba haka ba sai a ɗora wa motar kuɗin da zai kore shi.

Ranar ciniki a haɗu da rana, a bar shi ya zo da bakanikensa. Kada ka saki makulli saboda saƙon waya mai cewa kuɗi sun shigo, duba asusunka da kanka ko ku shiga banki tare. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar cesis da ta inji, kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu, da cewa an sayar da ita yadda take, kowa ya riƙe kwafi, sannan a je ofishin lasisin mota a canza sunan mai ita. Idan za ta Jos ko Abuja, a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, ba a ja ta da igiya a hawan Filato da tayoyin da suka shekara ashirin ba. A ɗaure ta ta tayoyi, domin bambar kunkuru lanƙwashewa take yi.