Yadda mai kare zai auna ɗan takara kafin ya kaɗa ƙuri'a

Karena ya shekara tara a hannuna. Na tsince shi yana kwikwiyo da karyayyar ƙafar baya, har yau in sanyi ya sauko sai ya riƙa ɗingishi. Saboda shi na taɓa tafka kuskure a rumfar zaɓe. Hoton wani ɗan takara na gani, ya durƙusa yana shafa kan kare, sai na ji hankalina ya kwanta da shi. Da ya hau kujera aka zo kan kuɗin allurar rigakafin karnuka, yana sahun gaba cikin masu cewa a soke. Tun daga nan na canja salon awo.

Ka fara da ture hoton gefe. 'Yan siyasa sun daɗe da gane cewa kare yana sayo musu zukata a arha. A 1952 an zargi Richard Nixon a kan wani asusun kuɗin da magoya baya suka tara masa, sai ya fito a talabijin ya ce akwai kyauta ɗaya da ba zai mayar ba ko me za a ce: wani kare mai suna Checkers da 'ya'yansa suke so. Jama'a suka tausaya, ya tsira da takararsa ta mataimakin shugaban Amurka. Karen dai bai san komai game da asusun ba.

Abin da za ka nema shi ne inda mutum ya ɗaga hannu a majalisa. Majalisu da yawa suna wallafa yadda kowa ya yi zaɓe a kan ƙudiri, ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi kuma suna tattarawa su ba 'yan majalisa maki. Sai dai ka lura, ba kowace ƙuri'a ce ke tona halin mutum ba. A 2019 Amurka ta kafa dokar tarayya da ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 7 ga masu azabtar da dabbobi, kuma ta wuce majalisun biyu babu mai ja. In ɗan takara yana tutiya da irin wannan, bai gaya maka komai ba, wa zai miƙe ya ce yana goyon bayan azabtarwa? Ka binciko ranar da goyon bayan ya zo da tsada, ranar da aka ce a ware kuɗi, ko a taka wa masu hayayyafa karnuka don kasuwa burki, ko a saɓa wa jam'iyya. Ka kuma bi alkawari har ƙarshensa. Gwamnatin Birtaniya ta shigar da ƙudiri a 2021 wanda zai daƙile fasa-ƙwaurin kwikwiyoyi, ya yi ta jan ƙafa, a watan Mayun 2023 ta janye shi. Wanda ya tsaya a kundin manufofi kawai zai ɗauka an gama.

Sannan ka san kujerar da ta shafi karenka. Mu masu karnuka mukan zuba ido a kan shugaban ƙasa, alhali rajista, gidan ajiye ɓatattun karnuka, wurin da aka yarda ka saki igiya, galibi duk a hannun kansiloli da magajin gari suke. Birnin Denver na Amurka ya haramta karnukan pit bull tun 1989. A farkon 2020 majalisar birnin ta amince a ɗage haramcin, magajin gari Michael Hancock ya hau kujerar na-ƙi, sai a watan Nuwamba da aka miƙa maganar ga masu zaɓe suka ɗage da kansu. Shekara 31 kenan, kuma babu shugaban ƙasar da ya sa baki.

A nan ne fa dole ka zauna da kanka, domin masu karnuka ba bakinsu ɗaya ba. Da Rishi Sunak, firaministan Birtaniya na lokacin, ya sanar da haramta nau'in karen XL Bully a watan Satumban 2023, bayan hare-haren da suka ci rayuka, wasu masu karnuka sun yi murna, wasu sun fito zanga-zanga. Daga 1 ga Fabrairun 2024 ya zama laifi a Ingila da Wales ka riƙe irin karen ba tare da takardar izini ba, kuma sai ka fiɗiye shi, ka sa masa takunkumi da igiya duk lokacin da za ku fita. Ni na fi karkata ga dokar da ke kama mai kare da laifin sakacinsa, ba wadda ke auna faɗin kan dabba da tsayinta ba. Amma na taɓa ganin ƙaurin yaron da kare ya yaga, don haka ba na yi wa mai ɗaya ra'ayin kallon azzalumi. Kai dai ka tsai da naka matsayin tukuna, in ba haka ba duk wanda ya iya romon baka zai tafi da kai.

In ka samu damar yi wa ɗan takara tambaya, kada ka ce masa "kana son dabbobi?" Tambaye shi me zai yi da karnukan titi. Turkiyya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa ƙananan hukumomi kwashe su, 'yan adawa suka ce hanyar kashe su ce aka buɗe, maganar ta zama rigimar jam'iyyu. Tambaye shi haukan kare: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarta. Sai ka bi da "nawa za a kashe, daga ina kuɗin zai fito, wa zai yi aikin?" Wanda ya yi tunani a kai zai ambaci likitocin dabbobi da kasafi. Wanda bai yi ba zai ba ka labarin karen da ya taɓa riƙewa yana yaro.

Halin mutum da dabbarsa ta gida ma abin dubawa ne. A 2024 Kristi Noem, tana gwamnar jihar Dakota ta Kudu a Amurka, ta rubuta da hannunta cewa ta harbe karyarta Cricket mai wata 14 saboda ta ƙi horuwa. 'Yan jam'iyyarta da na adawa suka yi mata caa, kuma ba ita Donald Trump ya ɗauka mataimakiya ba, duk da ana ta ambaton sunanta. Amma a 2025 ta zama sakatariyar tsaron cikin gida. Mitt Romney ma an yi ta yi masa gori a kan karensa Seamus da ya ɗora a keji saman mota zuwa Kanada a 1983, bai hana shi samun tikitin jam'iyyarsa na takarar shugaban Amurka a 2012 ba. Fushin masu karnuka yana da ƙara, nauyinsa a akwati bai kai ƙararsa ba.

Ko ni ba na ɗora kare a kan komai. Ana gobe zaɓe nakan ɗauki takarda in jera abubuwa biyar da suka dame ni, lafiya da tsaro a sama, kare yakan faɗo na huɗu. Aikinsa biyu ne: in 'yan takara biyu sun yi kunnen doki shi ke raba gardama, in kuma na tabbatar mutum ya zalunci dabba da hannunsa na soke sunansa ko me ya iya. Ka kuma duba tsarin zaɓen ƙasarka kafin ka ba ƙaramar jam'iyya ƙuri'a. A Holan jam'iyyar dabbobi ta ci kujeru 2 cikin 150 a 2006 saboda ana raba kujeru ne gwargwadon ƙuri'u, inda kuwa mai rinjaye ke kwashe duka, irin wannan ƙuri'a takan tashi a banza.

Takardar ba na yar da ita bayan zaɓe. Ina ajiye ta tare da katin allurar karen, in lokacin kasafin kuɗi ya zo in ciro, in rubuta wa wanda ya ci, in tuna masa abin da ya faɗa da ranar da ya faɗe shi.