Yadda Ake Kallon Thunderbolt and Lightfoot, Fim ɗin Fashin da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Idan aka ambaci Clint Eastwood a gaban masu sha'awar tsofaffin finafinan Amurka, hoton da yake fara faɗo musu a rai shi ne na kaboyi mai ƙarancin magana da guntun sigari a gefen baki, ko kuma na ɗan sandan nan marar sassauci da ya fito a matsayinsa a fim ɗin Dirty Harry na 1971. Da wuya ka ji wani ya kawo sunan Thunderbolt and Lightfoot, wanda ya fito a 1974, alhali kuwa a ganina yana cikin ayyukansa da suka fi taɓa zuciya. Na lura cewa waɗanda na nuna wa fim ɗin suka ce bai burge su ba, yawancinsu sun zauna ne suna jiran harbe-harbe da tseren motoci tun daga farko har ƙarshe, sai suka tarar da labarin abota mai tafiya a tsanake, wanda fashin da ke cikinsa bai zo ba sai can bayan an yi nisa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana yadda ya kamata a tunkare shi.

Abu na farko shi ne allon da za ka kalla a kai. An ɗauki fim ɗin a jihar Montana da ke arewa maso yammacin Amurka, a garin Great Falls da ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi, kuma mai ɗaukar hoto Frank Stanley ya yi amfani da tsarin hoto mai faɗi sosai. Idan ka samu kwafin da aka datse gefe da gefensa domin ya cika tsohuwar talabijin, ka nemi wani, domin wanda ya cancanta shi ne mai baƙin layi a sama da ƙasa. Haka kuma, in da hali, kada ka kalle shi a waya. Sau da yawa daraktan yakan ajiye mutum ɗaya ko mota ɗaya can a tsakiyar gonar alkama ko a gindin duwatsu, sararin sama ya mamaye fiye da rabin hoton, ta yadda kai da kanka za ka ji ƙanƙantar mutanen nan a cikin ƙasar da suke yawo. A kan allon waya wannan duka ɓacewa yake yi. Ka ware masa kusan awa biyu a zama ɗaya, kuma ka sani cewa akwai ashar da wasu fitowa na tsiraici a ciki, saboda haka ba na kallo tare da yara ko surukai ba ne.

Kafin ka kunna, yana da kyau ka san wanda ya yi shi. Michael Cimino ne ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, wannan kuwa shi ne fim na farko da ya jagoranta. Kafin nan ya taimaka wajen rubuta Magnum Force, fim ɗin Eastwood na 1973, kuma kamfanin Eastwood mai suna Malpaso ne ya ba shi wannan dama. Bayan shekara huɗu Cimino ya yi The Deer Hunter, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau da ta darakta, daga bisani kuma ya yi Heaven's Gate a 1980, wanda ya ci kuɗi masu yawa ya faɗi warwas a kasuwa har ya ɓata masa suna. Tsakanin wannan babbar nasara da wannan babbar faɗuwa, aikinsa na farko ya shige duhu. An san Eastwood da ƙin maimaita ɗaukar fitowa ɗaya sau da yawa, kuma ina ganin wannan takurawa ta amfani Cimino, domin fim ɗin ya fito da sauƙi da walwala irin waɗanda ba a cika samu a manyan ayyukansa na baya ba.

Da zarar an fara, ka mai da hankali ga mintunan farko, domin a cikinsu aka shuka duk abin da za a girba daga baya. Za ka ga wata 'yar ƙaramar coci a tsakiyar gonaki, Eastwood yana tsaye a gaba cikin kayan fasto yana wa'azi, sai wani mutum ya shigo ya buɗe masa wuta, shi kuwa ya tsere ta cikin alkama. A daidai wannan lokaci, a wani wuri dabam, wani saurayi mai fara'a ya yaudari dillalin motoci da ɗingishin ƙarya ya gudu da mota. Hanyarsu ta haɗu a kan titi, saurayin ya banke maharbin, faston kuma ya maƙale a jikin motar har kafaɗarsa ta goce. Saurayin shi ne Lightfoot, wanda Jeff Bridges ya fito a matsayinsa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Faston kuwa tsohon sojan yaƙin Koriya ne kuma ƙwararren ɗan fashi, wanda jaridu suka laƙaba wa suna Thunderbolt bayan ya fasa taskar kuɗi da igwa mai bakin milimita 20. Ka lura cewa dukansu biyun mun fara ganinsu ne cikin shigar burtu, kowa yana nuna abin da ba shi ba, kuma sai a gaban juna suke fara sauke wannan mayafi.

Daga nan ne haƙurin mai kallo yake shiga gwaji, kuma a nan nake roƙonka kada ka taɓa maɓallin tura fim gaba. Kusan rabin farko duka yawo ne a kan hanya, ana canza motoci, ana kwana a masauki, ana cin abinci a bakin ruwa. Dabarar da zan ba ka ita ce, duk lokacin da Bridges yake magana, ka bar kallonsa na ɗan lokaci ka dubi fuskar Eastwood. Lightfoot baki gare shi, ga wasa, ga dariya ba dalili, kuma bai ɓoye cewa yana son dattijon ya karɓe shi a matsayin aboki ba. Thunderbolt kuwa mutum ne da duniya ta koya wa rashin yarda da kowa, sai ka ga murmushi yana neman kufce masa yana danne shi, har lokacin da ya daina dannewa. Eastwood ya yi wani abu da manyan jarumai ba su cika yi ba, wato ya ja da baya ya bar wa yaron fili, kuma daga wannan ja da baya ne fim ɗin ya samu ɗuminsa. Ba a taɓa tsayawa an yi dogon jawabi a kan abota ba. Ana gane ta ne a ƙananan abubuwa, kamar yadda suka rabu a tashar mota sannan cikin 'yan mintuna larura ta sake haɗa su, babu wanda ya nuna ɓacin rai a kan hakan.

A cikin wannan yawo akwai fitowar da takan rikita mutane, inda wani direba da hankalinsa ya taɓu ya rage musu hanya, ya yi ta tuƙin ganganci har motar ta kife, sannan ya buɗe but ɗinta sai ga fararen zomaye cike, ya kama harbinsu. Kada ka wahalar da kanka wajen neman inda wannan ya haɗu da labarin fashi, domin bai haɗu ba. Yana nuna maka irin ƙasar da suke ratsawa ne. An ɗauki fim ɗin a 1973, shekarar da sojojin Amurka suka janye daga Biyetnam, ya kuma fito 'yan watanni kafin Shugaba Nixon ya yi murabus a watan Agustan 1974, kuma za ka ji wannan ruɗani na ƙasar da ta rasa alƙibla a jikin mutanen da suke haɗuwa da su a hanya.

Ka kuma ba wa sauran mutum biyun haƙƙinsu. George Kennedy, wanda ya riga ya ci Oscar a fim ɗinsa na 1967, shi ne Red Leary, tsohon abokin fashin Thunderbolt da yake zaton an ci amanarsa an gudu da kuɗin fashin farko. Geoffrey Lewis kuma shi ne Goody, mai sanyin hali da yake bin Red kamar raƙumi da akala. Gaskiyar magana ita ce an ɓoye kuɗin ne a bayan allon wata tsohuwar makaranta mai aji ɗaya, amma da aka koma wurin sai aka tarar da sabon gini a inda take. Lightfoot ne ya kawo shawarar a sake fasa kamfanin ajiyar kuɗin nan dai da aka fasa a da, da igwa irin ta da, tunda ba wanda zai yi tsammanin haka. Abin da za ka sa wa ido a nan shi ne yadda Red yake kallon yaron. Da farko abin yana kama da barkwanci, babban mutum mai haki yana fusata da tsokanar ƙaramin yaro, amma idan ka natsu za ka ga ƙiyayya ce ta gaske, irin ta wanda ya ga wani sabo ya zo ya zauna a gurbin da yake ganin nasa ne. Kowace dariya da ka yi a kan faɗansu tana tara bashin da za a biya a ƙarshe.

Wani abin da nake ƙauna a fim ɗin shi ne bai mai da ɓarayinsa wasu gwanaye masu kwat da na'urori ba. Domin su tara kuɗin shirya aikin sai da kowannensu ya nemi aikin yi a gari: ɗaya yana walda, ɗaya yana aikin ƙarfi, ɗaya yana sayar da askirim a 'yar mota, ɗaya kuma yana shara a babban kanti. Idan aka zo daren fashin, ka bi shi daki-daki, domin an shimfiɗa shi a fili yadda za ka san inda kowa yake da abin da yake yi: tilasta wa manajan ya ba da lambobin ƙofa, shigar mata da Lightfoot ya yi domin ya ɗauke hankalin mai lura da ƙararrawa, harhaɗa igwar, da shirin ɓuya a silimar fili inda ake kallo daga cikin mota. Ka ƙara sautin na'urarka kafin a harba igwar.

Wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba, ya dace ya dakata da karatu a nan ya dawo bayan ya gama. Shirin ya wargaje a silimar, 'yan sanda suka biyo su, Goody ya samu harbi, Red ya jefar da shi a hanya, sannan ya juyo kan abokan biyu ya lakaɗa musu duka, ya yi ta shurin Lightfoot a ka kafin ya gudu da kuɗin zuwa ajalinsa. Washegari, ba zato ba tsammani, su biyun suka ci karo da tsohuwar makarantar nan, ashe ɗauke ta aka yi ɗungurungum aka ajiye a gefen babbar hanya a matsayin kayan tarihi, kuma kuɗin suna nan a bayan allo. Daga wannan wuri ka zuba wa Bridges ido kada ka ɗauke. Hannunsa ya fara mutuwa, tafiyarsa ta canza, gefen fuskarsa ya saki, maganarsa ta fara sarƙewa, amma fara'arsa tana nan, kuma babu likita ko wani da ya fito ya yi maka bayanin abin da ke faruwa a cikin kansa. Thunderbolt ya saya masa farar Cadillac mai buɗaɗɗen sama, wadda tun a farkon tafiya yaron ya ce ita ce burinsa, suka kunna sigari, kuma a kujerar gaba ta wannan mota rai ya yi halinsa. Wannan wasa ne ya sa aka saka sunan Bridges cikin 'yan takarar Oscar na mataimakin jarumi, kyautar da Robert De Niro ya ɗauka a wannan shekara. Masu kallonmu da suka tashi da Sholay, wanda ya fito a 1975, sun san zafin ganin ɗaya daga cikin aminai biyu ya tafi ya bar ɗaya. Bambancin shi ne a nan babu kuka babu kururuwa: Eastwood ya dubi abokinsa, ya karya sigarinsa, ya ja motar.

Fim ɗin bai faɗi a kasuwa ba, sai dai Eastwood bai gamsu da yadda kamfanin United Artists ya tallata shi ba, kuma ina ganin masu zuwa silima a lokacin sun shiga ne da tsammanin jarumin da suka saba, kamar dai yadda masu kallon yau suke yi. Saboda haka shawarata ta ƙarshe ita ce ka sake kallonsa bayan mako ɗaya ko biyu. A karo na biyu ba ka da sauran damuwa da ko za su samu kuɗin, sai hankalinka ya koma kan abubuwan da ka wuce, kamar lokacin da Lightfoot ya fara ambaton Cadillac ɗin, da kashedin da Red ya riƙa yi masa wanda kowa ya ɗauka wasa ne, da ayar da Thunderbolt yake karantowa game da kyarkeci da ɗan rago su zauna wuri ɗaya. Idan kuma aka kai hoton ƙarshe, inda farar motar take ƙara ƙanƙancewa a kan titi a tsakanin duwatsun Montana, ka bar waƙar Paul Williams ta kai ƙarshenta kafin ka kunna fitilar ɗakin.