Yadda za ki shirya wa gwajin otizim bayan kin haura hamsin

Ina da shekara 57 aka tabbatar mini ina da otizim, wato galahanga, a nan Ingila inda nake zaune. Tun daga lokacin mata sa'o'ina kan kira ni a asirce su ce gabansu na faɗuwa kan gwajin. Ga abin da nake gaya musu.

Daga wurin likitan unguwa, GP, ake farawa. Galibi zai ba ki takarda mai tambaya 10 da ake kira AQ-10, in kin samu maki 6 ko fiye sai ya tura ki wurin ƙwararru. Layin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, dogo ne, wani wurin sai an shekara ana jira. Ki tambaye shi tsarin Right to Choose, wanda ke ba mazauna Ingila damar zaɓar wata cibiyar da NHS za ta biya.

Ba a ɗibar jini, ba a ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Hira ce da 'yan ayyuka. Ana iya miƙo miki littafin hotuna marar rubutu a ce ki ba da labarinsa, ko a ce ki nuna yadda kike goge haƙori. Za ki ji kamar an mai da ke 'yar firamare. Ki yi kawai, yadda kike bayani suke kallo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sun nemi wanda ya san yarintata, ga Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai na kira Yayata a Zariya. Kada ki ce mata "ko ina da matsala?", domin cewa za ta yi lafiyarki ƙalau, ki daina jawo wa kanki. Ki tambaye ta ƙananan abubuwa: "Yaya, da wa nake wasa? Ranar biki ina ake samuna?" Tawa dariya ta yi, ta ce da an fara kalangu sai in shige ƙarƙashin gadon Inna in toshe kunne, kuma ko an yi mini dūka ba na taɓa miyar kuɓewa saboda yauƙi. Na rubuta duka na tafi da su. In babu kowa da ya rage, ki faɗa musu, gwajin ba zai tsaya ba.

Ki kuma yi musu bayanin kunya. A wurinmu yarinyar da ba ta kallon idon manya, ba ta da surutu, yabonta ake yi. Shi ya sa ba wanda ya lura da ni. Baturiyar da ke gwada ki ba lallai ta san wannan ba, sai kin bambance mata abin da tarbiyya ce da abin da ke yi miki wuya ko a gaban ƙawayenki.

Kada ki haddace amsoshi, kada kuma ki je da fara'ar da kike yi wa baƙi. Ki ba su labarin ranar da kika dawo daga taron suna kika kasa magana har washegari. Fitila ta yi haske, ki ce a rage. Lokacin salla ya yi, ki nemi hutu.

Sakamakon na iya cewa otizim ne, ko wani abu daban kamar ADHD, wato matsalar kasa mai da hankali da kasa zama wuri ɗaya. Ki karɓi rahoton a rubuce. In kina aiki, dokar daidaito ta 2010 ta ba ki damar neman sassauci, kamar wurin zama marar hayaniya. Dangi kuwa, ke za ki zaɓi wanda zai ji, da ranar da zai ji.