Yadda za ka yi gyara a Wikipedia ba tare da an goge maka aiki ba

Muƙalata ta farko a Wikipedia ba ta yi kwana 3 ba aka goge ta. A kan kakana na yi ta, malamin zaure ne da ya haura shekara 40 yana karantarwa a unguwarmu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, don wasu abubuwan da idona na gani, wasu kuma daga bakin kakata na ji. Tun bayan isha'i nake danne-danne a waya har ƙarfe 1 na dare. Ranar Asabar na buɗe in nuna wa ƙanina, sai na tarar wayam, sai wani ɗan saƙo da aka bar mini: babu madogara, kuma ba a nuna shahararsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wane ne wannan da zai ce Malam bai shahara ba, mutumin da ranar jana'izarsa sai da aka tare hanya?

Sai da na huce na gane ni ne na shiga gari ban tambayi al'adarsa ba. Abin da zan faɗa maka a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini kafin wannan daren.

Wikipedia ta fara ne ranar 15 ga Janairun 2001, Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ta, kuma gidauniyar Wikimedia da ke Amurka ce ke kula da na'urorin da take kai. Amma gidauniyar ba ta rubuta muƙaloli. Wanda ya goge tawa ɗan sa-kai ne kamar ni, ya dai riga ni zuwa, jama'ar wurin suka amince masa da ikon gogewa. Kowane harshe da tasa Wikipedia, da nata jama'ar, shi ya sa wasu ƙananan ƙa'idojin na Hausa ba lallai su zo ɗaya da na Turanci ba. Manyan dai iri ɗaya ne ko'ina.

Fara da buɗe asusu. Kyauta ne, ba a neman lambar waya, amma ka sa adireshin imel saboda ranar da za ka manta kalmar sirri, kuma za ka manta. Sunan da za ka zaɓa kowa zai gani a jikin duk gyaran da ka yi, don haka ka yi tunani kafin ka sa cikakken sunanka. Kada ka sa sunan makarantarku ko ƙungiyarku ko shagonka, ba a yarda da shi ba. Asusu na mutum ɗaya ne, ba a aron sa, ba a kuma buɗe na biyu don ka zo ka goyi bayan kanka a musu. Ana kama masu yin haka, a toshe su duka.

Sannan ka danne zumuɗin ƙirƙirar sabuwar muƙala. A ta Turanci ma ba za a bar ka ka wallafa kai tsaye ba sai asusunka ya kwana 4 kuma ka yi gyara 10. Ni da zan sake farawa, sati 2 zan yi ban taɓa komai ba sai ƙananan abubuwa: in ga an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa" in gyara, in ga jimlar da ta karye in miƙar da ita. Alamar fensir ce ke buɗe maka wurin gyara. Hanya biyu ce, akwai wadda kake ganin shafin yadda yake kana rubutu a kansa, akwai kuma ta masomi, inda za ka ga alamomin da ke ƙarƙashi. A can ne za ka koyi cewa idan ka rubuta [[Zariya]] a tsakanin waɗannan baka biyu-biyu, kalmar za ta zama mahaɗi zuwa shafin Zariya, idan kuma ka rubuta == Tarihi == ka yi kan sashe ke nan. Akwai shafin gwaji da kowa zai iya buɗe wa kansa ya yi ta kwaba babu mai ce masa kanzil. Kafin ka danna wallafawa za a ba ka ɗan fili ka faɗi abin da ka yi. Kada ka bar shi fanko. "Na gyara ƙa'idar rubutu" ta isa. Sabon suna da gyara babu bayani shi ne abin da masu sintiri, wato masu duba sababbin gyare-gyare, suka fi zargi.

Kada kuma tsoron ɓata wani abu ya hana ka. Kowane shafi yana da tarihinsa, inda aka ajiye duk yadda ya taɓa kasancewa, da sunan wanda ya canza shi da lokacin. Kuskurenka danna ɗaya ne a mayar.

Yanzu ga inda aka kayar da ni, kuma nan ne zan daɗe. Mu mun taso ne a kan cewa gani ya kori ji. A Wikipedia ganinka ba hujja ba ne. Tambayar da ake yi kullum ita ce: a ina aka wallafa wannan, inda wani zai je ya duba da kansa? Ɗauki Kasuwar Kurmi. Duk Bakano zai gaya maka tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Gaskiya ne. Amma idan za ka rubuta, sai ka kawo littafin tarihin da ya faɗa, da sunan marubucinsa, da shekarar bugu, da lambar shafi. Akwai maɓalli na musamman na sa madogara, kana cike gurabensa za ta sauka da kanta a ƙasan muƙala, ƙarƙashin Manazarta. A ƙarshen jimlar da take tallafa wa ake sa ta, ba a tara su can gefe ɗaya ba.

Ba kowane rubutu ne madogara ba. Abin da ake so shi ne wanda ya bi ta hannun edita ko masu tantancewa: littafin da maɗaba'a ta buga, mujallar jami'a, jarida mai suna. Da Hausa ma muna da su. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fitowa daga Zariya, sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ga Aminiya, ga DW da RFI da Muryar Amurka. Madogara ba sai ta zama cikin harshen da kake rubutu ba, littafin Turanci ko na Larabci ko na Faransanci duk ya yi. Abin da ba ya yi shi ne rubutun Facebook, da saƙon da ake ta turawa a WhatsApp, da abin da mutum ya rubuta a kan kansa. Ita kanta Wikipedia ba madogara ba ce. In ka ga magana a ta Turanci, bi ta zuwa inda aka samo ta, ka karanta, sannan ka kawo wancan.

Shahara kuma, wadda ta fi ƙona mini rai, ba ta nufin yawan mutanen da suka san ka. Ma'anarta a nan ita ce wasu da ba su da alaƙa da mutum sun yi rubutu mai tsoka a kansa, ba ambato a layi ɗaya ba, kuma a wuri fiye da ɗaya. Kakana yana da almajirai ɗaruruwa, amma babu ɗan jarida ko ɗalibin jami'a da na san ya taɓa zama ya rubuta rayuwarsa. Zan faɗi ra'ayina: wannan doka tana cutar da mu fiye da Turawa, domin ilminmu da yawa a ka yake da baki, wurin tsofaffi da maroƙa da masu sana'ar gado. Duk da haka na daina jin haushinta ranar da na tambayi kaina, in aka buɗe ƙofar "kakata ce ta gaya mini", wa zai hana kowane gida ya rubuta cewa su ne asalin masu sarautar garin? Mafitar ita ce a fara rubuta abin a wani wuri, a jarida ko a binciken jami'a. Kafin ka yanke cewa babu komai a rubuce kuma, ka leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ko Arewa House a Kaduna, ko Gidan Mambayya a Kano. Ba duk abin da aka buga ne ya hau intanet ba, kuma littafin takarda madogara ne cikakke.

Abu na gaba ya shafi bakinmu. Bahaushe ba ya ambaton babba haka gayansa, sai ya haɗa da kirari da addu'a. A muƙalata na rubuta "babban malami, fitilar zamani, Allah ya jiƙansa da rahama". Duk wannan ba ya shiga. Dubi yadda za a yi da Malam Aminu Kano. Za ka rubuta an haife shi a 1920, ya jagoranci NEPU, daga baya PRP, ya rasu a 1983. Ba za ka rubuta da bakinka cewa shi ne gwarzon da ba a taɓa yin irinsa ba. Idan kana son a san yadda talakawa suka ɗauke shi, sai ka ce wane masanin tarihi ya bayyana shi da kaza, ka kawo shafin. Haka laƙabin Gamji na Sardauna Ahmadu Bello: ka faɗi cewa ana kiran sa da shi, ba kai ka dinga kiran sa ba. Inda masana suka saɓa, ka kawo ɓangarorin gwargwadon ƙarfin kowanne a rubuce, ka tsame kanka. Da farko sai na ji kamar rashin ladabi ne. Amma mai karatun zai iya zama jikan ɗan NPC, jam'iyyar Sardauna, zai iya zama jikan ɗan NEPU, kuma shafin na su duka ne.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to ban da nan. Ba a son ka rubuta a kan kanka, ko danginka, ko maigidanka. Laifina na huɗu ke nan a muƙala ɗaya, ban ma sani ba. In kuma biyan ka aka yi, tun 2014 sharuɗɗan Wikimedia suka wajabta ka bayyana wanda ya biya. Mutumin da yake raye kuwa, musamman ɗan siyasa ko ɗan fim, duk wata magana mai zafi a kansa da ba ta da madogara mai ƙarfi nan take ake cire ta, ba a jiran shawara.

Kwafe ma haramun ne. Duk abin da ka wallafa ka sake shi ke nan ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa na iya ɗauka, har ya sayar, muddin ya ambaci inda ya samo, ya kuma bar shi ƙarƙashin wannan lasisin. To ba ka da ikon yin kyauta da kayan wani. Karanta labarin jaridar, rufe shi, ka rubuta da kalmominka. Hotuna a ma'ajiyar Wikimedia Commons ake ɗora su, kuma wanda ka ɗauka da hannunka shi ne naka. Hoton da ka tsinta a Facebook ba naka ba ne, hatta hotonka na biki haƙƙinsa na mai hoton ne. Ɗora hoton da ka ɗauka da kanka hanya ce mai sauƙi ta taimakawa, don garuruwanmu da yawa ba su da hoton kasuwarsu ko ƙofar fadarsu a can.

Akwai wata cuta da ta fi damuna yanzu. Akwai manhajar fassara muƙala daga wani harshe, tana kawo maka daftarin da na'ura ta juya. Wasu sai su danna wallafawa ko karantawa ba su yi ba, don a ga sun tara adadi. Za ka karanta sakin layi guda, kalmomin duk Hausa ne, amma ba ka fahimci komai ba. A 2020 an gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots na ƙasar Sikotilan ba shi ya rubuta dubban muƙalolin Wikipedia ta harshen, aka bar masu harshen da aikin shara. Ni dabarata ita ce in karanta a bayyane. Jimlar da ba zan iya faɗa wa mahaifiyata ta gane ba, sai in rushe in sake ginawa. Ka kuma sa allon rubutu na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, don ɓ da ɗ da ƙ su fito. In ka tarar an rubuta "ƴaƴa" a maimakon "'ya'ya", kada ka yi saurin cewa kuskure ne, haka ake rubutawa a Nijar.

Wata rana dole wani ya mayar da gyaranka. Kada ka sake dawo da shi don zuciya. A ta Turanci, wanda ya mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da shi ke da gaskiya. Kowace muƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta. Je can ka yi sallama, ka faɗi abin da ka canza, ka kawo madogararka, ka tambayi dalilinsa. In ta masomi kake rubutu, ka rufe da alamar ~ guda 4 (~~~~), su ne ke sa sunanka da lokaci. Ka ɗauka da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ma doka ce a wurin. Wanda ya goge muƙalar kakana, da na daure na tambaye shi cikin lalama, shi ya turo mini kwafinta, ya kuma nuna mini yadda ake sa madogara ta farko.

Kwafin nan na kai shagon kwamfuta aka buga mini guda 30, da kirarin da addu'o'in duka, na raba wa dangi ranar Sallah. Wani ɗan yayata da ke karanta tarihi a jami'a ya karɓi ɗaya, ya ce zai tuntuɓi malaminsa ko za a bar shi ya yi kundin kammala digirinsa a kan makarantun zaure na unguwar. Na haɗa shi da tsofaffin almajiran Malam guda 2 da suka rage, ya fara zuwa wurinsu ranar Alhamis da rikoda.