Yadda Ake Cin Moriyar Asusun FSA a Wurin Aiki a Amurka

FSA (Flexible Spending Account) asusu ne da wurin aikinka ke buɗe maka, ana zuba masa kuɗi daga albashinka kafin a cire haraji. Manyan ire-irensa biyu ne: na lafiya, da na kula da yara.

1. Ka yi rajista lokacin da kamfani ya buɗe zaɓen alawus na shekara, yawanci a ƙarshen shekara. In ka rasa, sai wata shekarar, sai dai in an samu babban sauyi a rayuwarka, kamar a yi maka haihuwa ko ka yi aure.

2. Ka ƙiyasta kuɗin da hankali, domin abin da ya yi saura yakan tafi a banza. Duba abin da ka kashe bara a magani, tabarau da likitan haƙori. A 2025 iyakar na lafiya dala 3,300 ce. Wasu kamfanonin kan bari ka tsallaka da wani ɓangare na kuɗin lafiyar da ya yi saura zuwa sabuwar shekara (har dala 660 a 2025), wasu su ƙara maka wa'adi har 15 ga Maris, amma ba duka biyun ba.

3. Kuɗin lafiya na shekarar gaba ɗaya yana hannunka tun ranar farko. Na yara kuwa sai abin da aka riga aka cire. Shi na yaran da ba su kai shekara 13 ba ne, don kuɗin gidan raino ko mai reno yayin da kake aiki.

4. Ajiye kowane rasit. Karɓi lambar harajin mai renon, ko da 'yar uwa ce, domin za ka buƙace ta a fom 2441 (fom ɗin kuɗin kula da yara) lokacin cike haraji.